Kwana huɗu a Kartahena: amsa ga mai shirin zuwa Kolombiya

Wani malamin jami'a ne ya aiko da tambaya. Zai halarci taro a Bogota, babban birnin Kolombiya, kuma bayan an tashi daga taron yana da rarar kwana huɗu kafin jirginsa na dawowa. Abokan aikinsa sun ba shi shawara ya leƙa Kartahena, tsohon garin bakin teku da Sifaniyawa suka gina. Yana so ya ji ko tafiyar ta isa a kashe mata kuɗi, me zai gani, kuma yaya Musulmi zai yi da abinci da salla a can.

Malam, ka tafi. Kwana huɗu sun ishe ka, muddin ka san abin da ya kai ka. Da yawa daga masu zuwa garin hoton furanni da wankan teku ne ke jan su, kuma in wannan ne burinka, akwai gaɓar teku mafi kyau da araha a nan Afirka. Ni abin da nake tura mutum Kartahena ya gani shi ne garin da ke cikin ganuwa. Na daɗe ina nazarin tsofaffin garuruwa masu ganuwa, kuma ban san wani wuri da mutum zai yi tafiyar awa biyu a ƙafa ya ga kwaɗayin zinaren Sifaniya, da hannun maginan Andalus, da gumin bayin Afirka, duk a jikin bango ɗaya kamar can ba.

Sunan garin a rubuce Cartagena de Indias ne, amma a baki Kartahena ake cewa. Akwai wata Cartagena a ƙasar Sifaniya wadda aka ara sunan daga gare ta, don haka in kana sayen tikiti ka tabbata haruffan filin jirgin CTG ne. Daga Bogota kusan awa ɗaya da rabi ne a sama. A mota kuwa ya haura kilomita 1,000 ta cikin duwatsu, yini da dare za ka ci a hanya, ban ba ka shawara ba.

Ka shirya wa zafi. Bogota tana bisa tudu mai tsayin mita 2,600 da ɗoriya, sai da rigar sanyi. Kana saukowa daga jirgi a Kartahena iska mai ɗumi da laima za ta rufe ka. Garin yana kusan layi ɗaya da Kaduna a taswira, amma zafinsa irin na Legas da Fatakwal ne, wanda zufa ke jiƙa riga ba ta bushewa. Daga Disamba zuwa Maris iskar teku tana kaɗawa sosai, kuma lokacin ne ya fi daɗi, shi ne kuma masauki ya fi tsada. Ruwa ya fi yawa a wajen Oktoba. Ko wane wata ka je, tsarin yininka ɗaya ne: ka fita bayan asuba, ka koma masauki kafin ƙarfe 11, ka sake fita bayan la'asar. Wanda ya ce zai zaga ganuwa da azahar zai sha wuya.

Sai ka san dalilin ganuwar kafin ka hau ta. Pedro de Heredia ne ya kafa garin a ranar 1 ga Yuni, 1533, a kan wani ƙauyen 'yan asalin ƙasar da ake kira Kalamari. Dukiyar farko daga kaburbura ta fito: mutanen Zenu suna binne manyansu da kayan zinare, Heredia da mutanensa suka bi suna tonewa. Ragowar irin wannan zinare yana nan a wani ƙaramin gidan tarihi da ke dandalin Bolívar, ka shiga ka gani. Daga baya garin ya zama matattarar ayarin jiragen sarkin Sifaniya. Azurfar da aka haƙo a ƙasashen Peru takan bi ta Panama, jiragen su ɗauka, su yada zango a Kartahena, sannan su nufi Habana, daga nan sai Sifaniya. Inda dukiya ta taru kuwa ɓarayi ba sa nisa. A 1586 Francis Drake na Ingila ya ci garin, ya zauna a ciki makonni, ya riƙa ƙona gidaje har sai da aka biya shi fansa mai yawa. Bayan wannan ne sarki Felipe na Biyu ya turo injiniya Bautista Antonelli ya tsara yadda za a kare garin. Ginin ya kankama a farkon ƙarni na 17, ba a kammala ba sai 1796 a hannun Antonio de Arévalo. Kusan shekara 200 ke nan ana aza dutse, kuma tsawon katangun da ake lissafawa ya kai wajen kilomita 11.

Ka hau ta da sassafe daga kusurwar Santo Domingo. Samanta yana da faɗi, mutum huɗu ko fiye za su jera su yi tafiya, ga tsofaffin igwa sun juya baki wajen teku. Amma kafin ka hau, ka tsaya a gindinta ka ɗora tafin hannu. Dutsen murjanin teku ne aka yanka murabba'i, za ka ga zanen halittar a jikinsa, wani kamar saƙar zuma, wani kamar ƙwaƙwalwa, da ƙananan ramuka da gishiri ya ci. A tsibirin Tierrabomba da kewaye aka yanko da yawa daga cikinsa, a can aka gasa farar ƙasar da aka haɗa shi da ita, kuma mafi yawan hannayen da suka yi wannan aiki na bayi ne 'yan Afirka. Sunayen injiniyoyi suna rubuce a allunan da ke jikin bango. Na masu ɗaukar dutsen babu.

Duk Bakanon da ya hau wannan katanga sai badala ta faɗo masa a rai, kuma sai ransa ya sosu. Su ma mutanen Kartahena sun taɓa rusa wani sashe na tasu a farkon ƙarni na 20 da sunan ci gaba da samun iska, kafin su farga. Yau abin da ya rage shi ne ke ciyar da garin, kuma tun 1984 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

A wajen ganuwa, bisa tudun San Lázaro, akwai kagarar San Felipe de Barajas. Daga nesa kamar dutse ne aka sassaƙe. An gina ƙaramar ta farko a 1657, Faransawa ƙarƙashin Pointis suka ci ta a 1697 lokacin da suka wawashe garin, sannan Arévalo ya faɗaɗa ta a shekarun 1760 har ta lulluɓe tudun gaba ɗaya. A cikinta akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, matsattsu, masu gangara, an yi su yadda sawun mai shigowa zai riga shi isa kunnen mai tsaro. Ka shiga ko ɗaya ne, amma in kana da ciwon numfashi ka tsaya a na sama, don ƙasan akwai zafi da ƙunci.

Labarin da ya sa wannan kagara ta yi suna na 1741 ne. Edward Vernon, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya zo da jirage 186 da mutane kusan 27,000. Masu tsaron garin ba su wuce 'yan dubbai ba, da jiragen yaƙi shida, ƙarƙashin wakilin sarki Sebastián de Eslava da wani tsohon sojan ruwa, Blas de Lezo, wanda yaƙe-yaƙen baya suka cinye masa ƙafa ɗaya da ido ɗaya, suka kuma kashe masa hannu ɗaya. Sojojin Ingila suka fasa mashigar teku ta Bocachica suka shiga tafkin garin, Vernon ya aika gida cewa an gama. A Ingila har aka buga lambobin tunawa masu hoton Lezo a durƙushe gabansa. Amma da suka kai hari San Felipe da duhun asuba a watan Afrilu, aka kore su da asara mai yawa. Ana ba da labarin cewa tsanukan da suka zo da su sun gaza kai wa saman katanga. Abin da ya ƙarasa su shi ne zazzaɓin shawara da atini, waɗanda suka kashe sojoji fiye da harsashi, ga damina ta kawo kai. A watan Mayu suka tattara suka tafi. Lezo ya rasu bayan 'yan watanni, gunkinsa yana tsaye a gindin kagarar da ƙafar katako. Cikin sojojin Vernon akwai Lawrence Washington, yayan George Washington na Amurka, kuma shi ya sa wa gonarsu suna Mount Vernon don girmama kwamandansa.

Yanzu ga abin da 'yan rakiyar baƙi ba kasafai suke faɗa ba, kuma kai da ka yi karatun allo da na littattafai za ka fi kowa jin daɗinsa. Daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wato Garnada, ta faɗi a 1492. Shekara 41 kacal bayan haka aka kafa Kartahena. Maginan da suka haye teku sun tafi da irin ginin da suka gada, har da kalmominsa. Ka shiga kowane tsohon gida da aka mayar otal ko gidan tarihi, ka lura. Ƙofa ce babba ta katako mai manyan ƙusoshin tagulla, da ƙaramar ƙofa a jikinta ta shigar mutum ɗaya. Kana shiga sai wani ɗaki mai duhu da sanyi inda baƙo ke tsayawa, suna kiransa zaguán, aikinsa aikin zaure ne sak, kuma kalmar daga Larabci ta samo asali. Daga nan sai tsakar gida a buɗe, da bishiya da inuwa, ɗakuna sun kewaye ta, iyali a ɓoye daga idon titi. A ƙarƙashin tsakar gidan akwai rijiyar tara ruwan sama da suke kira aljibe, wato al-jubb, kalmar nan ta cikin Suratu Yusuf. Ƙarfen ƙwanƙwasa ƙofa sunansa aldaba, daga ad-dabba. Magini albañil ne, daga al-banna. Babban dandalin garin sunansa Aduana, wato kwastan, daga diwan. Magajin gari kuwa alcalde suke ce masa, tushensu ɗaya da alƙalinmu. Na taɓa zama a irin wannan tsakar gida da rana tsaka, titi yana tafasa a waje, ciki kuwa iska tana saukowa ta sama tana bi ta zauren. Gidan kakannina a cikin birni da wannan dabarar aka gina shi, sai dai shi da ƙasa, wannan da murjani.

Ka riƙa duban ƙarafan ƙofofin. Akwai mai siffar ƙadangare, da zaki, da kifi, da hannu. 'Yan rakiya za su ce maka ƙadangare alamar gidan sarauta ne, zaki na soja, kifi na ɗan kasuwar teku. Ka ji daɗin labarin, amma ka sani da yawa daga waɗanda ke jikin ƙofofin yau sabbin ƙira ne.

Babbar ƙofar garin ita ce ta ƙarƙashin hasumiyar agogo, Torre del Reloj. Kana ratsa ta za ka faɗa wani fili mai kusurwa uku, Plaza de los Coches, inda mata ke sayar da alewa a ƙarƙashin baranda. A nan aka riƙa sayar da mutane. Tsakanin 1595 da 1640, lokacin da 'yan kasuwar Fotugal ke riƙe da kwangilar kai bayi, Kartahena da Veracruz ne manyan tashoshin da sarkin Sifaniya ya amince a sauke su, kuma daga nan ake rarraba su zuwa ma'adinan zinare na cikin ƙasa har zuwa Peru. Gunkin da ke tsakiyar filin na Heredia ne. Ka ɗan tsaya a wurin, kada ka wuce da sauri kamar sauran masu ɗaukar hoto.

Wani limamin coci ɗan ƙungiyar Jesuit, Alonso de Sandoval, ya shafe shekaru yana shiga rumbunan da ake tsare sabbin zuwa, yana tambayarsu daga ina suke. A littafinsa da aka buga a 1627 ya lissafa ƙabilu da harsuna masu yawa: Wolof, Mandinka, Fulani, mutanen Kongo da Angola, da waɗanda ya kira Lukumi, wato Yarbawa. Ya kuma yi ƙorafin cewa wasu daga mutanen yankin Senegal da Gambiya Musulmi ne, kuma juya su daga addininsu yana da wuya. Ashe ke nan an yi kalmar shahada a cikin waɗannan rumbuna shekara 400 da suka wuce. Almajirinsa Pedro Claver, wanda ya rasu a 1654, shi ya fi suna. Yakan tari jirage da ruwa da lemo da magani, yana aiki da tafintoci 'yan Afirka, ya kira kansa bawan bayi. Ƙasusuwansa suna cikin akwatin gilashi a cocin da ke ɗauke da sunansa, kuma ana iya ganin ɗan ɗakin da ya zauna. Ra'ayina a kansa biyu ne, kuma ban iya raba su. Mutum ne da ya taɓa gyambon da kowa ke gudu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma aikinsa bai tsayar da cinikin ba, su kansu tafintocinsa bayin gidan limaman ne. Sai a 1851 Kolombiya ta yi dokar 'yanta bayi, ta fara aiki a farkon 1852.

Gidan kotun addini da ke dandalin Bolívar, wadda aka kafa a 1610 don farautar masu bidi'a da waɗanda ake zargi da maita, awa ɗaya ta ishe shi. Cikin waɗanda aka gurfanar akwai masu maganin gargajiya 'yan Afirka.

Masauki kuwa, ka nema a unguwar Getsemaní, tafiyar minti goma daga hasumiyar agogo. Ta fi araha, kuma a nan talakawa da masu sana'a da 'yantattun bayi suka zauna tun asali. Daga nan ne maƙeri Pedro Romero ya jagoranci jama'a ɗauke da masu a ranar 11 ga Nuwamba, 1811, suka tilasta wa manyan gari shelar ɓallewa daga Sifaniya. Garin ya biya wannan da tsada: a 1815 Janar Pablo Morillo na Sifaniya ya yi masa ƙawanya sama da wata uku, yunwa da cuta suka kashe dubban mutane. Da daddare dandalin Trinidad yakan cika da yara masu ƙwallo da tsofaffi a kan kujeru da masu tuya. Akwai kiɗa da giya a wasu layukan har tsakar dare, don haka ka roƙi ɗakin da ke can ciki. Otal-otal suna ta cinye unguwar, tsofaffin mazauna suna ta ƙaura saboda tsadar haya, kuma za ka ji suna faɗa da bakinsu.

Yini guda cikin huɗun ka ba San Basilio de Palenque, ƙauye mai nisan kusan kilomita 50 daga gari. In dole ka zaɓa tsakaninsa da tsibiran Rosario, inda baƙi ke zuwa wankan teku, ka zaɓe shi. Tushensa bayin da suka gudu ne suka kafa sansanoni masu shingen itace a cikin daji da fadama. Jagoransu na farko, Benkos Biohó, daga yankin Gini Bisau aka kamo shi, ya tsere a wajen 1600, ya addabi Sifaniyawa har suka nemi sulhu, daga baya suka ci amanarsa suka rataye shi a 1621. Mutanensa ba su miƙa wuya ba, kuma a 1713 aka amince da 'yancin ƙauyen a hukumance. Har yau suna da harshensu, Palenkero, cakuɗen Sifaniyanci da harshen Kikongo. Suna da ƙungiyoyin tsara da suke kira kuagro, waɗanda mutum ke shiga tun yana yaro ya mutu a ciki, su ne ke tsaya masa a biki da rashin lafiya da jana'iza. Zaman makokinsu, lumbalú, da ganga da waƙa ake yi har kwana tara. A dandalin ƙauyen akwai gunkin Benkos ya miƙa hannu da tsinkakkiyar sarƙa, kuma za a nuna maka na ɗan damben nan Antonio Cervantes, wanda ake kira Kid Pambelé, ɗan ƙauyen da ya zama zakaran duniya a 1972. Ƙauye ne mai ƙura da awaki da babura, ba a yi masa kwalliya don baƙi ba. Ka ɗauki ɗan rakiya ɗan garin domin kuɗin ya tsaya a can.

Matan da za ka gani a cikin ganuwa sanye da riguna masu launin rawaya da shuɗi da ja, da daron 'ya'yan itace bisa gammo, daga wannan ƙauye sana'ar tasu ta fito. Hoto da su shi ne abincinsu, ka tambayi kuɗi kafin ka ɗauka, ka biya da daɗin rai. Ka nemi wata alewa da suke yi mai suna alegría. Guggurun dawa ne aka dunƙule da mazarƙwaila da kwakwa. Ranar da na fara gutsura sai da na tsaya na sake dubanta a hannuna, don ɗanɗanon na ƙofar makarantar firamare ne.

Abinci ba zai ba ka wahala ba in ka riƙe kifi. Abincin garin na yau da kullum soyayyen kifi ne sukutum, da shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa, da soyayyar ayabar dafuwa da aka danne ta yi faɗi. Akwai mote de queso, faten doya da cuku mai gishiri, amma ka tambaya ko an sa nama. Akwai suero, kamar kindirmo mai gishiri. Arepa de huevo wainar masara ce da ƙwai a ciki, sau da yawa ana ƙara mata niƙaƙƙen nama, sai ka ce a ba ka mai ƙwai zalla. Naman alade yana da yawa a girkinsu, yakan ɓuya a cikin wake da miya. Ka haddace kalmomi uku: pescado kifi ne, sin cerdo ba alade, sin carne ba nama. Za ka ga kibbe irin na Labanawa a wurin masu tuya, gadon Larabawan Sham da suka zauna a gaɓar tun ƙarshen ƙarni na 19, amma ganin kibbe ba ya nufin yankan Musulmi ne.

Salla kuwa, Musulmi 'yan kaɗan ne a garin, ba za ka ji kiran salla ba, don haka ka tafi da sallaya ka dogara da agogon wayarka. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru. Alƙibla tana gabas ne ta ɗan karkata arewa. Rana takan faɗi wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma agogonsu yana bayan na Najeriya da awa shida, ka tuna da haka in za ka kira gida.

'Yan Kolombiya suna da wani karin magana, no dar papaya, wato kada ka ba da gwanda, ma'ana kada ka bar ƙofa ga mai son cutar ka. Cikin ganuwa akwai 'yan sanda da jama'a har dare, amma kada ka riƙa yawo da waya a hannu a layin da ba kowa, kada ka karɓi abin sha daga wanda ba ka sani ba. Tasi ba su da mita, a yi ciniki kafin ka shiga. A bakin teku, musamman Playa Blanca, duk abin da aka miƙo maka da sunan ɗanɗano ko kyauta, kawa ce ko tausa, akwai kuɗi a bayansa, ka ji farashi tukuna. Fasfo ya zauna a masauki, kwafinsa a aljihu, katin rigakafin shawara kuma yana tare da fasfon.

Safiyar ranar ƙarshe ka ɗauki tasi zuwa La Popa, tudu mai tsayin kusan mita 150 wanda limaman coci suka gina gidan ibada a kansa a farkon ƙarni na 17. Kada ka hau a ƙafa, hanyar ba ta da tsaro. Daga can za ka ga garin ganuwa ɗan ƙarami a gefe, da San Felipe, da dogayen benayen Bocagrande, da mashigar da Arévalo ya toshe da katangar ƙarƙashin ruwa don jiragen abokan gaba su rasa hanya sai ta Bocachica. In ka juya baya kuma za ka ga unguwannin kwano da suka bazu har bakin fadama, inda akasarin mutanen garin suke zaune, da yawansu jikokin waɗanda suka ɗauki dutsen. Ka ce wa mai tasin ya jira ka, don ba a samun mota a sama, kuma daga gindin tudun zuwa filin jirgin Rafael Núñez bai fi minti 15 ba in hanya ba cunkoso.